Baba Ba Ya Saki

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

'Yata Safiyyah ce ta ba ni wannan littafin, ragowar na lissafinta. Malamarsu ta ce kowa ya rubuta abin da ya gani a gidan tarihi, ita kuma ta ce ni ma sai na rubuta, za ta yi min maki. Ni da na sauka daga motar boko a aji biyu na sakandare, ba a tasha ba ma.

A adaidaitata na kai ta, na ajiye aiki. Tsohon gida ne na ƙasa a cikin gari, soro bayan soro, sanyi kamar randa. An nuna mana takubba da akushi da fitilar aci-bal-bal. Na ce wa mai zagayawa da mu rabin kayan nan akwai su a ɗakin kakata, ba mu san tarihi muke zaune a kai ba. Safiyyah ta ja min riga: "Baba, don Allah."

A tsakar gida aka zaunar da yara. Wasu kaɗin auduga, wasu ginin tukunya. Ita rini ta zaɓa. Marinin dattijo ne, Malam Garba, hannunsa shuɗi har gwiwa. Ya ba ta farin ƙyalle da zare da tsakuwoyi, ta juya min baya tana ɗaurewa. Wai sai an kwance zan ga zanen.

Ya ce ganyen da ake yin shunin sunansa baba. Na ce to ga ɗan'uwansa ya kawo ziyara. Ya ce, "Baba in ya kama, ba ya saki." Ta ce, "Wallahi Malam haka nawa yake, har ƙofar aji yake raka ni."

Ruwan da sanyi, ita kuma da sikila, na hana ta tsoma hannu. Ni na tsoma mata. Ƙyallen ya fito kore, yana shan iska ya koma shuɗi a kan idonmu. An shanya shi da ɗaurinsa, sai sati mai zuwa mu karɓa.

Maki: huɗu cikin goma. Wai ba na sa aya.

Laraba, 9 ga Yuli

Ruwa ya dake ta a hanyar makaranta. Ciwon ya tashi, ƙafafu da baya. Muna asibiti.

Na nuna mata farcena, na ce likita ya ce ni ne marar lafiyar, na fara zama shuɗi. Ta yi murmushi don kar in ji kunya.

Litinin, 14 ga Yuli

Bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara sha ɗaya da wata huɗu. Ga aya na sa.

Juma'a, 18 ga Yuli

Masu gaisuwa sun ragu. Kowa ya miƙo hannu sai ya kalli nawa. Fatar ta wanke, faratan ne suka riƙe. Wani ya tambaya ko na koma fenti, na ce e, ina yi wa sama.

Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban san me ya sa na faɗa ba.

Matata Delu ta daina ce min Baban Safiyyah. Shekara sha ɗaya da shi take kirana. Yanzu "ga abinci", "ga ruwa", kamar mai magana da bango. Ba laifinta ba ne. Baban wa za ta ce.

Alhamis, 31 ga Yuli

Na ɗauki fasinja daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni, na sauke ta, sai na tsinci kaina a cikin gari, a ƙofar gidan tarihi. Keken ne ya kai ni, ni dai ina riƙe da kai.

Malam Garba ya gane ni. "Ɗan'uwan baba. Ina 'yar taka mai bakin nan?" Na ce tana gida. Allah Ya yafe min.

Ya ɗauko ƙyallen a dunƙule kamar ƙullin magani, ya zaro reza zai yanke zaren. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sai ya ninke rezar ya sa a aljihu, ya ce, "Allah Ya sa mai ceto ce."

Na zauna a soron nan mai sanyi har aka yi la'asar. Yara 'yan makaranta na wucewa, an ce musu kar su taɓa komai. Ni ma ba su taɓa ni ba. Wataƙila sun ɗauka cikin kayan tarihin nake.

Asabar, 9 ga Agusta

Ƙulli uku ne. Ta zagaya zaren ta ƙulle sau biyu-biyu, yadda take ɗaure igiyar takalmi. Na ukun ta ja da haƙori, na leƙa na gani da idona ranar.

Delu ta ga ƙyallen a aljihun keke. Ta ce, "A kwance mu ga abin da ta yi." Na ce a'a. Ta ce, "Kai ka je da ita. Ka ga gidan, ka ji dariyarta. Ni ina nan ina wanki. Ko wannan ba za ka bar min ba?"

Na ce in an kwance, shi ke nan, ba sauran abin da hannunta ya ɗaure a duniya. Ta ce, "In ba a kwance ba kuma, ba ta gama maganarta ba."

Na fita. Gwanin zance, an rufe masa baki da jimla ɗaya.

Lahadi, 24 ga Agusta

Shuɗin ya hau rabin farce. Daga ƙasa fari na biyo shi. Ban yanke ba tun ranar. Liman ya kalli hannuna a sahu, na janye shi cikin hannun riga.

Talata, 2 ga Satumba

Ba abin rubutawa. Tayar gaba ta sake yin faci.

Juma'a, 12 ga Satumba

Kafin masallaci na yanke farce. Sunna ce, ba wani abu ba. Rezar na hannuna, ƙyallen na kusa, sai na miƙa wa Delu duka biyun. Ta ƙi rezar. Da allura ta bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsinka ko ɗaya ba. Tsakuwoyin suka zubo a tabarma.

Zobe uku farare a cikin shuɗi. Biyu a ƙasa, ɗaya a sama, na saman a karkace.

Na ce tayoyin kekena ne, ga ta gaban nan mai faci. Delu ta ce mu uku ne. Na ce to wane ne karkataccen? Ta ce, "Haba Baban Safiyyah, har sai ka tambaya?"

Ta ji abin da ta faɗa. Ta sa hannu a baki. Ba ta janye ba.

Wani abu ya fito min daga ƙirji. Tari ne, ina jin.

Ƙyallen na wurinta, ta shimfiɗa a kan filo. Zaren na aljihuna. A babban yatsa akwai ɗan layin shuɗi da rezar ba ta kai ba. Na bar shi zuwa Juma'a mai zuwa, mu ga wa zai fara saki.