Jar Takarda a Bangon Baba

Taipei

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Wurin aiki za su turo ni garinmu Lukang in duba tsofaffin gidajen bulo na layinmu, a san waɗanda za su jure girgizar ƙasa. Namu na ciki. Don darajar marigayiya Mama, kada ka shafa fenti, kada ka gyara komai. Tsagar bango nake son gani, ba tsafta ba. Na san halinka in an ce baƙo zai zo.

'Yarka,
Peishan

Lukang

Peishan 'yata,

Ina gaishe ki, injiniya. To, kin zo, kin ƙwanƙwasa bangona da 'yar gudumarki kamar mai sayen kankana, kin cinye mini taliya, kin tafi. Me kika samu? Kakana ne ya kwaɓa ginin nan da shinkafa mai danƙo da sukari da farar ƙasa. Babbar girgizar nan da aka yi kina goye, ko kofin shayi bai faɗo ba. Jar takardar da kika yi ta harara a saman gadona kuwa ta albarka ce, ba a taɓa ta. In dabara kike yi ki kwashe ni zuwa benenki na Taipei, inda ba wanda zai ce mini ina kwana, ki sake shiri. A gidan nan zan mutu.

Ki riƙa cin abinci, kin rame.

Babanki,
Tienfu

Taipei

Baba,

Ina gaisuwa. Amma haba, Baba! Takardar da ake liƙawa a sabuwar shekara ce ka liƙa a tsakiyar damina, ko bushewa ba ta gama yi ba? Kunyarka ce ta hana ni ɓare ta. Sai dai ka manta bango ɗaya ne ya raba ku da Gwaggo A-Kim, abokiyar faɗanka a kan magudanar ruwa. Da na fita, gidanta na shiga. Tsagar da ka rufe da takardar ta ratsa har can, yatsuna huɗu suka shige.

Tsoro nake ji, Baba, in gaya maka gaskiya. Ba rushewa za a yi ba. Sandunan ƙarfe za a sa a ɗaure bangon, a cike tsagar, ka yi wata biyu a wurina ka koma. Amma sai masu bangon duka biyu sun yarda.

Gadon Gwaggo a jikin bangon yake, kanta daidai ƙarƙashin tsagar. Na roƙe ta ta janye shi, ta ƙi. Ta ce tun da ka faɗi bara, ta nan take sauraron minsharinka. Ranar da ta ji shiru, za ta san ta kira mutane.

'Yarka mai ƙaunarka,
Peishan

Lukang

Peishan,

Ina gaishe ki. Na ɓare takardar. Ki turo masu ƙarfenki.

Ki gyara ɗaki biyu. Na sa baki a tsagar na ce wa waccan mai tsiwar ta haɗa kayanta, ta ce ai ta riga ni. Kuma ƙarya take yi, ba na minshari.

Tambaya ɗaya, injiniya. In an cike tsagar, za a iya barin ɗan rami, ko da na shigar yatsa ne? Ba don ni ba. Kunnenta ya fara nauyi.

Babanki