Kyanwar Latifa Ta Daina Gani

New Bell, Duwala

Zuwa ga Yaya Hapsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Tahir da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Ni ma lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Saƙonki ya iso, inda kika ce in tattara in dawo Kano tunda yau wata bakwai da rasuwar matata Latifa, kuma ba mu da ɗa a nan. Na so in amsa da to, sai wani abu ya faru.

Kin san kyanwarta, farar nan da ta tsinta a bakin kasuwa. Latifa ce ta koya mini kallon idonta. Da rana baƙin idon yakan tsuke ya zama siriri kamar zare, da magariba kuma ya buɗe ya cika idon. In aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kyanwar na zagaya ɗaki ba ta taɓa ko kofi, mu kuwa muna laluben ashana. Latifa takan yi dariya ta ce ita kaɗai ce mai ido a gidan.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na same ta kwance a tsakar gida, rana tsaka, amma baƙin idon a buɗe kamar cikin duhu. Na kaɗa hannu a gabanta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na sa ta a kwando, na hau bensikin, babur ɗin haya, zuwa wurin wani likitan dabbobi a unguwar Bépanda. Ya haska mata tocila, idon bai tsuke ba. Ya ce ta makance, wataƙila tun watanni, kuma ba magani. Na ce ai tana zuwa wurin kwanonta, tana hawa gado. Ya ce ta haddace gidan ne, da gashin bakinta da hancinta take bi. Ya gargaɗe ni kada in matsar da komai.

Yaya, kunya ta kama ni. Mu biyu kaɗai muke kwana a gidan nan, amma ban lura ba, don tun rasuwar ban kalli fuskar kowa da kyau ba.

Shekaranjiya Fauziya, ƙanwar Latifa, ta zo kwashe kayan ɗaki a kai wa mahaifiyarsu. Da aka janye kujera, kyanwar ta taho ta yi karo da ita, ta tsaya tana kuka. Fauziya ta daɗe tana kallonta, sannan da hannunta ta mayar da kujerar inda take. Ta ce ita za ta yi wa mahaifiyar tasu bayani. Ta tafi da tufafi kawai.

Don haka ki yi haƙuri, ba zan taho bana ba. In na kai kyanwar wani gida, ba ta san ko kusurwa ɗaya ba. Likita ya ce ta tsufa, ba za ta daɗe ba. Zan jira ta. Kada ki faɗa wa Inna saboda kyanwa ne, za ta ce na zautu.

Ki gaishe mini da Inna, da Malam Tahir, da Bashir da Naja'atu. Ku riƙa kirana bayan la'asar, lokacin ne gidan ya fi shiru.

Ƙaninki,
Zakariya'u