Littafin da Ya Tafi a Aljihun Kwat

Moss Side, 4 ga Maris, 2013

Zuwa ga Yaya Turai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Erdington. Ya ƙafar taki? Ya ƙarin haƙurinmu? Na rubuto ne don in na ɗauki waya kuka ke hana ni magana.

Jiya da hantsi ina shanya, Rebecca ta shagonmu na haɗin gwiwa ta zo ta tambaye ni littafin ƙaninki. A nan na gane abin da na yi. Kin san council, hukumar garin nan, za ta sayar da ginin shagon, an ce babu kuɗin gyara, sai dai in mun kawo tarihinsa a rubuce kafin ƙarshen wata a duba ko za a bar mana. Shekara shida marigayi Malam yana bin tsofaffin unguwa yana rubutawa: yadda ma'aikatan masaƙa suka haɗa hannu suka gina shi, suka sassaƙa amyar zuma a saman ƙofa, yadda ya zama cocin mutanen Jamaika, sannan ya zauna a rufe. Ni kuwa tsiya nake masa, wai ya yi mini kishiya da bulo.

Littafin yana aljihun baƙar kwat ɗinsa. Ranar sadakar arba'in na haɗa kayansa na ba ki ki raba wa abokansa. Ban laluba aljihu ba, Yaya, ƙamshinsa ne ya hana ni. Ga takaba, ba damar in zo. Don Allah ki tuna wa kika ba.

Ki gaida kowa.
Taki, Murja

Moss Side, 19 ga Maris, 2013

Yaya Turai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, saƙonki da littafin sun iso, Allah ya saka da alheri. Ki yi wa Baba Dalyop, abokin Malam da kika ba kwat ɗin, godiya. Da na karanta cewa a coci ya sa hannu neman hankici ya ji littafin, na yi dariyar farko tun rasuwar. Ki ce masa kwat ɗin tasa ce, kada ya dawo da ita.

Na karance shi a zaune ɗaya. Komai na ciki, har sunan matar da ta fara auna shayi a kantar shagon. Amma ya tsaya a shekarar da mu gida tara muka karɓi makullin ginin. Shi da ya kafa kantocin da hannunsa, bai sa sunansa ko sau ɗaya ba. A saman shafin gaba ya rubuta, "Wannan Murja ta fi ni sani."

Ni da na tsaya a aji shida! Rebecca ta ce in faɗa ta rubuta, na ce a'a, ni ya bar wa.

Ranar Juma'a ta sama za a miƙa. Na sayi biro, na zauna sau uku. Shafinmu har yanzu ban rubuta shi ba.

Ki sa ni a addu'a.
Matar ƙaninki, Murja