Saƙo Goma Sha Huɗu a Jakar Maikuɗi

Litinin, 20 ga Mayu, 2013

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, ka taɓa riƙe waya cike da caji kana kallonta kamar sabulu? In ba ka taɓa ba, rufe, ka ajiye.

Kwana huɗu ke nan da aka yanke mana sabis, wai don tsaro. Ga tsohuwar jaridar da aka naɗo mini ƙosai a ciki tana murna: yanzu mutum zai iya sauya kamfani ya tafi da lambarsa, wai 'yanci ya zo. Ya sauya ya koma ina? Dukansu rana ɗaya suka yi shiru.

Alhamis, 23 ga Mayu

Kiran ƙarshe da na yi, da yayana Abdulwahab ne. Tun rasuwar Inna yake cewa in bar unguwarmu ta Bulabulin in same shi a Kano. Na ce, "Kai da ko jana'iza ba ka zo ba? Ka ɗauka ba ka da ƙani." Na kashe. Washegari sabis ya ɗauke.

Ban yi nadama ba. Na dai rubuta ne.

Lahadi, 2 ga Yuni

Dzarma makwabcina ya je bakin iyaka, ya sa layin Kamaru, ya yi magana da matarsa. Na ba shi tawa ya gwada. Ta ƙi. Wayar da Yaya ya aiko mini ce, kamfani ya kulle ta, layinsu kaɗai take ci. Na karanta cewa akwai manhajar waya buɗaɗɗiya, kowa na iya gyara ta yadda ya so. Mu kuwa an sayar mana da ɗaki, an riƙe makulli.

Talata, 11 ga Yuni

Ba wanda ya yi sallama yau.

Tun farkon watan nan, kullum bayan la'asar nakan rubuta wa Yaya saƙo, in danna, ya maƙale. Ba inda zai je, shi ya sa nake faɗin gaskiya.

Asabar, 15 ga Yuni

Maikuɗi direba ya samu sana'a. Yana tara wayoyin unguwa a jaka, ya kai su Azare inda akwai sabis, ya tura saƙonnin mutane, ya kwana biyu, ya dawo da amsa. Na rubuta "Ina lafiya", na miƙa.

Ya ce, "Malam sarkin faɗa, yau ba wa'azin kamfanoni?"

Na ce ya ja motarsa.

Lahadi, 16 ga Yuni

Innalillahi. Sai yanzu na tuna: Maikuɗi ba ya karatu, duk abin da ya tarar a maƙale turawa yake. Ban goge sauran ba. Goma sha huɗu. Na farko zagi ne zalla. Na tara kuwa, wanda na ce har yanzu kofi biyu nake wankewa da safe, nawa da na Inna...

Gara zagin.

Laraba, 19 ga Yuni

Jaka ta dawo. Na kai azahar ban kunna ba.

"Sa'id, na karanta duka. Na farkon na cancanta. Ranar jana'iza a shingen jami'an tsaro na Damaturu aka juyo da mu, kunya ta hana ni faɗa maka. Ba sai ka zo ba. Ka dai ci gaba da rubutowa, ko zagin ne."

Asabar, 22 ga Yuni

Na sake ba Maikuɗi wayar. Ban goge komai ba, mantuwa ce. Na tambaye shi ko motarsa na wucewa Kano, tambaya kawai.

Amma fushina na nan. Wanda ya sa hannu aka kulle wayar nan, da wanda ya ce a rufe bakin gari guda, su fito rediyo da sunayensu, da rana tsaka, su gaya mini: wata guda ina zargin ɗan'uwana a kan abin da minti ɗaya zai warware, wa zai amsa wannan?