Sakamakon da Malam Tsujimoto Bai So Ba

Litinin, 3 ga Yuni

Damina ta sauka a Osaka. Yau muka karɓi makonmu a babban ɗakin leza, injin nan mai harba haske mai tsananin ƙarfi, bayan shekaru muna bin layi. Malam Tsujimoto ba zai gani ba, yana kwance a asibiti, ciwon huhu ne. Shi ya raine ni a wannan aiki tun ina ɗaliba. Yanzu ga furfura a kaina, amma har yau in ya kira sunana ya ce "Kuwabara" sai na miƙe tsaye, ko a waya ne.

Abin da za mu gwada hasashensa ne, a kansa ya yi suna. Ya ce idan abu ya yi zafi ya matsu kamar cikin tauraro, ƙwayoyin zarra za su riƙa haɗewa da sauri fiye da yadda kowa ya lissafa, nesa ba kusa ba. Ba a taɓa aunawa ba. Mu za mu auna: ɗan ƙwallo da bai kai ƙwan kifi ba, a buga masa hasken leza ta kowane gefe ya murƙushe, mu ƙirga abin da ya fito.

Talata, 4 ga Yuni

Harbin farko. Hatanaka mai kula da lezar ya leƙo yana sosa tumbi, ya ce, "Malama, duk wannan gini don a gasa ƙwan kifi ɗaya? Kawo shi gida, matata ta fi wannan injin iya ƙona abinci." Kowa ya yi dariya. Sai lambar ta fito a allo, dariya ta ɗauke.

Daidai da tsohon lissafi. Babu ƙarin da Malam ya ce za a gani, ko ɗigo.

Laraba, 5 ga Yuni

Na ɗora wa na'urar ƙirga laifi. Aka cire ta aka sa wata. Lambar ba ta canja ba.

Juma'a, 7 ga Yuni

Mun ƙara zafi, mun ƙara matsi, mun canja ƙwallon. Harbin ƙarshe shi ya fi kowanne kyau, ban taɓa ganin mai tsabta kamarsa ba, kuma shi ma bai ba mu komai ba. Hatanaka ya kashe allo bai yi ba'a ba, ya ajiye mini shayi ya fita.

Rabin rayuwata a kan abin da babu shi. Ta Malam kuwa gaba ɗayanta.

Asabar, 8 ga Yuni

Uwargida Fumie, matar Malam, ta tare ni a ƙofar asibiti kafin in hau. Ta rame, laimarta na ɗiga a kan takalmina. Fuskata kawai ta kalla ta gane. Ta ce likita ya ce ba zai ga ƙarshen damina ba.

"Ki ce masa sakamakon da yake so ya fito. Wa zai sani? In ya tafi ki rubuta abin da kika ga dama."

Na ce ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ta ce, "Ni kullum sai na yi. Ina ce masa ya fi jiya kyan gani."

Ban hau ba. Na juya tashar jirgin ƙasa.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na shiga da niyyar yin abin da ta ce, har na tsara maganar a hanya. Yana jingine da matashi, robar iska a hanci. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Nawa?"

Da ya ce "ya fito?" wataƙila da na gyaɗa kai an wuce wurin. Amma lamba ya tambaya, kuma shi ya koya mini yadda ake faɗin lamba. Na faɗa masa. Na faɗa masa har da iyakar kuskuren awo.

Ya daɗe yana kallon rufi. Na zaci zai ce to, haka abin yake, ai haka yake koya wa ɗalibai a aji. Sai ya ce, "Kin ɓata aikin." Na ce mun duba komai, Malam. Ya ce, "Tun kina yarinya hannunki yake da gaggawa. Da Shimizu na ba." Shimizu, tsohon ɗalibinsa da ya bar mu tuntuni ya koma sayar da gilashin ido.

Ya ce kada in kuskura in fitar da sakamakon sai an sake. Ya san ba za mu sake samun lezar nan kusa ba. Ya juya fuska bango.

Uwargida ta raka ni har bakin lif. "Kalma ɗaya na roƙe ki," in ji ta.

Laraba, 12 ga Yuni

Na kai masa kankana. Ma'aikaciyar jinya ta ce yana barci. Ina jin tarinsa da muryar rediyo daga ciki.

Lahadi, 16 ga Yuni

Na sake bin lissafin daga tushe, ina fatan in kama kaina da kuskure. Da na samu, da gudu zan kai masa, ya zage ni son ransa. Babu.

Ruwa bai tsaya ba. Tufafi sun ƙi bushewa, ɗakin sai warin danshi.

Laraba, 19 ga Yuni

Ya rasu da hantsi. Hatanaka ne ya gaya mini, shi aka kira.

Asabar, 22 ga Yuni

An ƙona gawarsa, kamar yadda al'adarmu take. Na tsaya a baya tare da mutanen ofis, ban yi tsammanin za a kira ni wurin tsince ƙasusuwa daga toka ba, wannan na dangi ne. Sai Uwargida ta waiwayo ta miƙo mini dogayen tsinkayen da ake ɗaukar ƙashi da su.

"Zo ki kama mini. Ba shi da wata 'ya."

Muka ɗaga ƙashi ɗaya tare, ita da nata tsinkayen ni da nawa, muka sa a tulu. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma da sauran ɗuminsa. Ba ta kalle ni ba, har muka rabu.

Alhamis, 27 ga Yuni

Ba na iya cin komai sai shinkafa da ruwan shayi. Wai Malam ya ce wa Hatanaka a ranakun ƙarshe, "Ku sa ido a kan Kuwabara." Hatanaka ya ce yana ganin nufinsa a kula da ni. Ni kuwa na san irin muryar da zai faɗe ta da ita, ta wanda bai yarda da aikina ba.

Litinin, 8 ga Yuli

Taron ofis. Na ce zan aika sakamakon a buga yadda yake, da sunan Malam a gaba, tunda tambayar tasa ce. Wani daga cikin manya ya gyara murya ya ce, "Da Malam yana nan, da zai ce a dakata."

Na ce, "Malam ba ya nan."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Kuma ban nemi afuwa ba.

Da rana Hatanaka ya ja ni shagon taliya na bayan tasha. Yana ta surutu, ni kuma na tsinci kaina ina zana masa wani gwaji a bayan hannuna, wani abu daban da ba wanda ya sa ni. Ya ce, "Wannan gwajin na waye, na Malam ko naki?" Na ce ci abincinka.

Na shanye romon har ƙasa, na ce a ƙaro kwano. Yunwa ce kawai, ina jin.