Sunan da Malam Ya Ƙi Faɗa

Xiaobei, Guangzhou
Watan Yuni

Ƙanwata Radiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da Inna da Malam da Abdulƙadir. Yaya ƙafar Inna? Ruwa ya sauka kuwa? Ni lafiyata ƙalau, haushi ne kawai yake cina.

Kin ce in daina kiranki ina faɗa kamar ke kika hana ni aiki. To na daina. Ga shi na rubuta a takarda zan ɗauki hotonta in turo, ki karanta faɗan a nutse.

Kin san takardar zamana ta ɗalibi a nan ƙasar Sin za ta ƙare a ƙarshen Agusta. In ban samu kamfanin da zai tsaya mini ba, sai in tattara digirina in dawo. Babu inda ban kai takarduna ba a garin nan. Wani kamfani ya kira ni da murna, ashe so suke in sa babbar riga in tsaya a wajen baje koli ina riƙe da waya ina murmushi, don a ga suna da kasuwa a Afirka. Wasu kuma muryata a waya ta yi musu, da na shiga ofis suka ga fuskata sai aikin ya zama "meyo", wato babu. Na gaji da kalmar nan, Radiyya. Alhaji Sharif, ɗan kasuwar Kwarin da nake kwana a ɗakinsa, cewa ya yi in bar wahala in riƙa bin shi Xintang, garin da ake ɗinka wanduna, ina duba masa zif ɗinsu. Mutumin kirki ne, amma ranar da ya faɗa ban iya cin abinci ba. Duk shekarun da na yi ina ƙona ido a kan wayoyin lantarki, a ce ƙarshensu zif.

Yanzu dai wata ƙofa ta ɗan buɗe. Akwai wani kamfani a bayan gari da yake ƙera jirage marasa matuƙi da kyamarorin tsaro, yana sayar wa sojoji da masu gadin iyaka. Suna neman injiniyan da ya san ƙasashenmu, kuma sun kira ni intabiyu. Ba zan ɓoye miki ba, wannan aikin nake so fiye da duk wanda na taɓa nema. Tun da 'yan bindiga suka hana Malam zuwa gonarsa ta bakin daji nake tunanin irin jirgin nan yana shawagi a kan garinmu, yana hango su tun kafin su fito daga kurmi.

Kada ki gaya wa Malam tukuna. Ko kin gaya masa ma, madalla zai ce, sannan ya tambaya ko "ɗan Yaya" yana samun tuwo a can. Tun da aka yaye ni aka miƙa wa yayansa Baffa Munkaila a Kano sunana ke nan a bakinsa, ni da nake ɗansa na fari.

Ki gaishe da Inna, ki ce ta sa ni a addu'a, ko da ba za ta ambaci sunana a ciki ba.

Yayanki,
Saifullahi

Xiaobei, Guangzhou
Watan Yuli

Radiyya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kowa lafiya, kuma shuka ta yi kyau. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa.

Na je intabiyun. Tun daga ƙofa suka karɓe wayata suka kulle a akwati, suka rataya mini kati a wuya kamar ragon kasuwa, wani mai gadi yana bina har bakin banɗaki. Mutum uku na samu a ɗakin: wata Madam Liang mai kula da ɗaukar ma'aikata, da wani tsohon injiniya, da wani mutum daga sashen tsaro wanda bai yi murmushi ko sau ɗaya ba.

Tsohon ne ya fi yi mini tambaya. Ya tambaye ni abin da yake kashe irin na'urorinsu a ƙasarmu, na ce zafin rana da rashin wuta da kuma ogan da zai kulle jirgi a sito don kada ya lalace. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya turo mini allon lantarkin wani jirgi da ya ƙi tashi, ya ce in nemo ciwon. Na nemo. Daga nan ya daina yi mini Turanci, ya koma Sinanci kamar yana hira da ɗan unguwarsu.

Na sashen tsaron ne ya ɓata mini rai. Tambayata ya yi ko addinina zai bar ni in yi aikin da za a iya kashe mutum da shi, ya kuma tambaya ko ina da dangi a cikin masu ɗaukar bindiga. Na haɗiye abin da ya zo mini baki. Na gaya masa dangina su ne waɗanda ake kora daga gonakinsu, kuma na san gidajen da aka yi jana'iza saboda babu wanda ya hango maharan da wuri. Ya rubuta, bai ɗago kai ba.

Madam Liang ta ce sun yaba da ni. Abu ɗaya ya rage. Da yake aikin na tsaro ne, dole su tabbatar ni ne ni, kuma ba sa yarda da takarda kaɗai. Za su kira mahaifina ta bidiyo su yi masa tambayoyi. Sun ɗauko tafinta, wani Moussa mutumin Maraɗi da yake dillancin kaya a titin Huanshi Lu.

Da Baffa yana raye da ban damu ba, shi da yake cika kasuwa da sunana. Amma sunan Malam Babayo ne a fasfona, shi za su kira. Don Allah Radiyya, ranar Talata ki cika wayarki da caji, ki kai shi bakin firamare inda sabis ya fi ƙarfi. Ki zaunar da shi ki yi masa bayani tun yanzu. Waɗannan mutanen ba su san kunyar ɗan fari ba, ba su san riƙo ba. Abin da aka tambaye shi kawai zai amsa. Ba a ce ya yabe ni ba, ya ce ni ɗansa ne shi ke nan.

Na dogara da Allah, na dogara da ke.

Yayanki,
Saifullahi

Xiaobei, Guangzhou
Watan Yuli

Radiyya,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ba zan ce miki ni lafiya nake ba.

Na ga kiranki, ban ɗauka ba da gangan. In na ɗauka zan faɗi abin da ba a faɗa a kan uba.

Ke kin ga abin ta wajenku, bari in gaya miki yadda ya kasance ta nan. Ina cikin ɗakin. Sun zaunar da ni a gefe inda kyamara ba ta kamo ni, suka ce in na yi ko tari an soke komai. Ga Malam a jikin bango, fuskarsa ta cika allo, da hularsa ta Juma'a. Wallahi da na gan shi sai da zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe ya ɗauki abin da muhimmanci.

Madam Liang ta ɗaga hotona ta tambaye shi wane ne wannan. Kin ga yadda ya kau da kai yana kallon bishiyar darbejiya, ya ce ɗan yayansa Munkaila ne na Kano. Moussa ya dube ni, ya fassara. Aka ce ya lissafa 'ya'yansa, ya fara daga Abdulƙadir, ya zo kanki, ya tsaya. Sai na sashen tsaron ya matso da kansa ya tambaya ko yana da ɗa mai suna Saifullahi. Malam ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya ce akwai mai wannan suna a cikin dangi.

A cikin dangi, Radiyya. Ina zaune ina ji.

Na ji kina raɗa masa. Moussa ma ya yi iya ƙoƙarinsa, ya fara yi musu bayanin al'adarmu, mutumin ya ɗaga masa hannu ya ce fassara aka ɗauke shi ba sharhi ba. A ganinsu baƙi biyu ne suke rufa wa juna asiri. Aka kashe allon. Aka ce mahaifin da na rubuta ya musanta ni sau uku, don haka ba su san ko ni wane ne ba, kuma ba sa buɗe wa wanda ba su sani ba ɗakin da ake ƙera kayan soja. Tsohon injiniyan bai iya haɗa ido da ni ba. Mai gadi ya raka ni ƙofa, ya cire katin daga wuyana da hannunsa.

Kada ki rubuto ki ce mini kunya ce. Na san kunya ce, a cikinta na girma. Ranar da na ci jarrabawar sakandare, Baffa ya yanka kaza, Malam ya aiko a gaishe da yaron. Ranar da zan taho ƙasar nan ya raka ni tasha yana tafiya can baya kamar hanya ce ta haɗa mu. Ban taɓa cewa komai ba. Mutane suna yaba shi, suna cewa Malam Babayo akwai kara, akwai fulaku, ni kuma ina gyaɗa kai. Abu ɗaya na roƙa a duk rayuwata, kalma ɗaya, a gaban mutanen da ba za su taɓa zuwa garinmu su yi masa gori ba. Wa ya ji kunya a wurin? Matar da ba ta jin Hausa? Ko darbejiyar?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san yana sona. Da ƙina yake yi da abin ya zo da sauƙi, sai in yi fushi in huta. Shi ya sayar da bijiminsa lokacin da zan taho, ya ba Baffa kuɗin ya ce kada a gaya mini, Baffa ya gaya mini. Mutum ya iya rabuwa da bijimi amma ya kasa buɗe baki.

Gobe zan bi Alhaji Sharif Xintang. Zif ɗin dai.

Ki gaishe da Inna. Shi kuwa ban san gaisuwar wa za ki ce masa ba.

Saifullahi

Xiaobei, Guangzhou
Watan Agusta

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da ladabi, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da yara. Yaya aikin damina? Allah ya sa a girbe lafiya. Ban taɓa rubuto maka takarda ba. Radiyya za ta karanta maka, kuma na ce kada ta tsallake ko kalma ɗaya.

Saƙon muryarka ya iso. Radiyya ta ce kai ka sa ta ɗauka, ka tara liman da mai unguwa a zaure su zama shaida, kuma sai da ka sa aka kori yara daga ƙofar gida. A cikin jirgin ƙasa na saurare shi, a tsaye, cikin mutane. Na ji ka yi wa mutanen Sin sallama. Na ji ka ce kai ne Babayo, kai ka haife ni, kai ka yanka ragon sunana. Da ka zo kan sunan ka tsaya, ka yi gyaran murya, ka faɗe shi a hankali kamar mai taka ƙasa da ƙafar da ta daɗe a ɗaure. Na wuce tashar da zan sauka ban sani ba.

Na kai musu. Na ɗauki Moussa muka je har kamfanin, ba su bar mu mun shiga ba, amma Madam Liang ta fito bakin ƙofa. Ta saurara har ƙarshe, Moussa yana fassarawa. Ta ce ta yarda, ita ma kakanta bai taɓa yabon babanta a gabansa ba. Amma sashen tsaro ya rufe maganata, kuma an riga an ba wani aikin. Ta ba ni haƙuri ta koma ciki.

Don haka aikin ya tafi, Malam, kuma takardar zamana ta kusa ƙarewa. Jirgin da na so in kawo ya tsare maka gonar bakin daji wani ne zai kai shi wata ƙasar. Alhaji Sharif ya taimaka mini da tikiti, zan taho tare da kayansa kafin wata ya mutu.

Ba zan yi maka ƙarya in ce na huce ba. Ban huce ba. Tun ina yaro nake jiran in ji sunana a bakinka, da ya fito kuma ba ni ka faɗa wa ba, wasu baƙi ka faɗa wa, bayan sun rufe ƙofa. Na san irin nauyin da ka ji kafin ka yi shi a gaban liman. Na sani, kuma duk da haka raina a ɓace yake. Ban goge saƙon ba. Alhaji Sharif ya ce in na sake kunna shi a ɗakin zai kore ni.

Ga abin da nake roƙo. Ranar da na iso, ba na son a tara kowa. Zan yi sallama a zaure lokacin da kake kai kaɗai. Ka amsa, ka kira ni da sunana sau ɗaya, daga nan ka koma ce mini ɗan Yaya har ƙarshen rayuwa, ba zan sake magana ba. In kuma ba za ka iya ba, zan zauna a gabanka in kunna wayar, mu saurara tare.

Ka gaishe da Inna. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka na fari,
Saifullahi Babayo