Jan Fenti a Ƙofofinmu

Jakarta, bakin teku

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya Yaya Tarno da noman shinkafa? Mu lafiya lau. Kada hotunan ambaliyar nan su tayar miki da hankali, ruwan iya gwiwa ya tsaya mana a ɗaka.

Ran Litinin ma'aikata suka shafa wa ƙofofinmu jan fenti. Wai za a faɗaɗa katangar teku, mu koma benaye can nesa. Shugabansu ya ce min, "Baiwar Allah, unguwarku nutsewa take yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, manyan gine-ginen can ne suka zuƙe ruwan ƙasa har ta lotsa. Su ka shafa musu? Kwalekwalen mijina kuma, a hawa na nawa zan ɗaure shi?"

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Gobe mu mata za mu ofishin ma'aikatan, yara a goye.

Kin ce in dawo gida. Inna, a unguwar nan na binne ɗana, ba inda za ni. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Darsih